Ɗan Makunni Mai Hannu: Kashe Wuta Ya Fi Kunna Ta Wuya

A cikin duk kayan da ɗalibi ke tarawa idan zai haɗa fitilar karatu, ko 'yar fanka, ko ƙararrawar ƙofa don baje kolin ƙungiyar JETS ta makarantarsu, babu wanda ake saye a ƙarshe, da ragowar canji, kamar makunni. Batir ana tambayar ƙarfinsa, ƙwan fitila ana gwada haskensa tun a shago, waya ma ana duba kaurinta. Shi kuwa makunni, wanda masu gyaran rediyo na Sabon Gari da Tudun Wada ke kira suwic, sai a ɗauki duk wanda hannu ya faɗa a kansa, a ƙyasta shi sau biyu a ji ya yi ƙas-ƙas, shi ke nan an gama bincike. Alhali kuwa a yawancin waɗannan na'urori shi ne abin da hannu ke taɓawa kullum, kuma ta cikinsa ne duk wutar ke wucewa.

A cikin birnin Zariya irin waɗannan haɗe-haɗe sun wuce wasan yara. Ɗalibin Kwalejin Alhudahuda da ke zaune a Kwarbai ko Limancin Kona, idan ya haɗa fitila da batir ɗin da ya ciro daga tsohuwar kwamfutar hannu, da ita zai yi bitar jarrabawa a daren da aka ɗauke wuta. Wani kuma akwatin ƙyanƙyasar ƙwai ya haɗa, ya zuba ƙwai da kuɗin mahaifiyarsa, waɗanda sai sun yi kwana 21 cikin ɗumin kimanin digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas kafin su fashe. Makunni ya yanke wuta dare ɗaya cikin hunturu, an yi asarar ƙwai ke nan.

Makunnin da ake magana a kai shi ne ɗan ƙaramin nan mai shuɗin jiki ko ja, wanda bai fi kan ɗan yatsa girma ba, mai ɗan hannu na ƙarfe da ake turawa sama ko ƙasa, da wuya mai zare inda ake ɗaure shi da noti a jikin akwati. Yawancinsa daga Sin ake kawo shi, ya biyo ta kasuwanni irin su Alaba a Legas kafin ya iso Arewa. Yana da araha, yana da kyan gani, kuma yana aiki da kyau matuƙar ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Matsalar ita ce, rubutun da ke jikinsa ba ya faɗin iyakar ƙarfin nan a fili ga wanda ke aiki da batir ko sola.

Gada ce, ba ƙofa ba

Malamai da yawa sukan kwatanta makunni da ƙofa, kuma a garin da ke da Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, wannan kwatanci shi ke fara zuwa baki. Sai dai yana rikita ɗalibai, domin ƙofar gari idan aka rufe ta ne zirga-zirga ke tsayawa, ita kuwa da'irar lantarki sai an rufe ta, wato an haɗe bakinta, wuta ke tafiya. Kwatancin da ya fi dacewa shi ne gada, kamar wadda ke kan Kubanni tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari. Wuta takan fito daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, ta koma kan batir mai alamar ɗebewa. Makunni wata 'yar gada ce a kan wannan hanya, wadda ake iya sauke ta a kuma ɗage ta.

Sauke gada ba wuya: ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wuta ta wuce. Ɗage ta alhali ayari na tsakiyar wucewa, nan ne aikin yake.

Abin da ke cikin cikinsa

Duk malamin da ke son ɗalibansa su fahimci wannan abu, to ya sadaukar da makunni guda. A miƙe 'yan kunnuwan ƙarfe huɗu da suka riƙe murfin da bakin filaya, a ɗaga a hankali a kan farar takarda don kada kayan cikin su ɓace. Za a tarar da abu uku. Akwai ɗan sifirin a cikin gindin hannun, akwai ɗan tsinken roba da sifirin ɗin ke turawa ƙasa, sannan akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ke zaune a kan ƙafar tsakiya, yana rinjaya hagu ko dama kamar sikelin mai awo. Idan aka tura hannun, tsinken robar yakan zame a kan faifan yana matse sifirin, har ya iso daidai tsakiya. Da ya gota tsakiyar ko da da ƙanƙanin abu ne, sai sifirin ya saki ƙarfin da ya tara a lokaci guda, faifan ya kife ɗaya ɓangaren. Ƙarar da kunne ke ji ke nan.

Ma'anar wannan ita ce, saurin rabuwar ƙarafan ba ya dogara da saurin yatsan mutum. Ko a hankali aka tura, faifan ba ya yarda ya tsaya rabi da rabi. Ɗaliban ilmin halittu za su tuna da ƙa'idar nan ta ko duka ko babu, wadda Henry Bowditch ya fara bayyanawa a tsokar zuciya a 1871: tsokana idan ba ta kai wani mizani ba tsoka ba ta motsi, idan kuwa ta kai, sai ta motsa da dukkan ƙarfinta.

Wannan dabara ta saurin rabuwa an samo ta ne bayan an sha wuya. Makunnan farko na zamanin da aka soma sa fitilun lantarki a gidaje, da saurin hannun mai kashewa suke rabuwa, don haka sukan ƙone da wuri. A 1884 wani injiniya na birnin Niyukasil a Ingila, John Henry Holmes, ya ƙirƙiro makunni mai sifirin da ke raba ƙarafan farat ɗaya. Irin mai hannun nan da ake turawa sama da ƙasa kuwa, William J. Newton ne ya fito da shi a Amurka a 1916, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1917.

Me ya sa ake wannan gaggawa? A daidai lokacin da ƙarafa biyu masu ɗauke da wuta suka fara rabuwa, wurin da suke taɓa juna yakan ƙanƙance har ya zama kamar bakin allura. Duk wutar sai ta cunkushe a nan, wurin ya yi zafi, ya narke, har wani abu daga ƙarfen ya zama tururi. Wannan tururi da iskar da ta yi zafi sukan zama hanya, wuta ta ci gaba da tsallakawa ko da yake ƙarafan sun rabu. Shi ne shuɗin tartsatsin da ake hangowa a cikin makunnin bango da dare. Ba shi da bambanci da harshen wutar da mai walda ke narka ƙarfe da shi a bakin titi, sai dai ƙanƙanta, kuma zafinsa yakan kai dubban digiri. Kowane kashewa yakan ɗan ci wani abu daga fuskar ƙarfen. Iyakar abin da sifirin ke yi shi ne gajarta rayuwar tartsatsin.

Rubutun da ke jikinsa

A gefen irin wanda aka fi samu a kasuwa, mai lamba MTS-102, za a ga an buga 6A 125VAC, wani lokaci da 3A 250VAC a kusa da shi. Harafin A na nufin amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudu, V kuma bolt, ma'aunin ƙarfin da ke tura ta. Ɗalibi yakan karanta wannan ya ce a ransa, abin da zai ɗauki bolt 250, ina ga bolt 12 na batir? A nan ne ake yin kuskure, domin an tsallake haruffa biyun ƙarshe.

AC ita ce wuta mai kai-komo, irin wadda ke zuwa gidaje, wadda har yau jama'a ke kira wutar Nepa ko da yake hukumar ta sauya suna tun 2005. A Nijeriya tana juyawa gaba da baya sau 50 a sakan guda, wato a kowane sakan takan sauko sifiri sau 100. Duk tartsatsin da ya tashi a cikin makunni, cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan wutar da ke ciyar da shi za ta ɗauke da kanta, ya mutu, kafin ta dawo kuwa ƙarafan sun yi nisa da juna. Ita kuwa wutar batir da ta sola, wadda ake rubutawa DC, hanya ɗaya take bi, ba ta saukowa sifiri. Tartsatsinta ba ya mutuwa sai tazarar ta fi ƙarfinsa, tazarar da ke cikin ɗan makunni kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Kamfanonin da ke buga cikakken bayanin kayansu sun nuna girman wannan bambanci. Kamfanin C&K, wanda aka kafa a Amurka a 1957, ya rubuta cewa ƙaramin makunninsa mai hannu, mai bakin azurfa, yana ɗaukar amfiya 5 a bolt 120 idan wuta mai kai-komo ce, amma idan mai hanya ɗaya ce, amfiya 5 ɗin a bolt 28 kaɗai. Makunni ɗaya ne, ƙarfe ɗaya, amma iyakar ta faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan kuwa mai tsada ke nan. Na arahar da ba a san ko wace masana'anta ta yi shi ba, sau da yawa bai ma ambaci wutar batir ba sam, kuma bakinsa tagulla ce da aka yi wa ɗan shafen azurfa.

Akwai dai labari mai daɗi ga mai ƙaramar fitila. Tartsatsi ba ya iya tsayawa tsakanin bakunan azurfa sai ƙarfin wutar ya kai kimanin bolt 12, yawanta kuma ya kusa rabin amfiya. Batir ɗin kwamfutar hannu mai lamba 18650 bolt 3.7 yake bayarwa, 4.2 idan ya cika. Fitilar da aka haɗa da shi da 'yan ƙwayayen LED tana ƙasa da wannan iyaka nesa ba kusa ba, makunninta zai iya shekaru bai nuna gajiya ba. Amma faifan solar da ake kira na bolt 12, idan rana ta take kuma ba a jona masa komai ba, yakan ba da bolt 21 ko 22. Wanda ya sa ɗan makunni tsakanin babban faifai da batir ya shiga yankin tartsatsi ke nan.

Ba ƙarfin batir kaɗai ake dubawa ba, har da halin abin da ake kunnawa. Lissafin farko mai sauƙi ne: a raba wat da bolt, a sami amfiya. Fitilar LED mai wat 10 a kan bolt 12 ba ta cin amfiya guda cikakkiya, wannan daidai ne da ɗan makunni. Inbata mai wat 300 a kan batir ɗin nan kuwa amfiya 25 za ta ja, ko fiye, makunnin zai narke kafin a ce kwabo. Tsakanin waɗannan biyu akwai masu yaudara. Ƙwan mota mai zare a ciki, irin wanda ɗalibai ke sawa don ɗumama akwatin ƙwai, idan mai wat 21 ne, amfiya 1.75 yake ci bayan ya yi zafi. Amma zarensa yana sanyi ba ya tare wuta sosai, don haka a ƙiftawar farko yakan ja wajen ninki goma na wannan. Irin wannan fizga ce ke sa bakunan makunni su manne da juna, a wayi gari an tura hannu fitila ta ƙi mutuwa.

Moto da rile da duk wani abu mai naɗin waya a ciki, su kuma a wajen kashewa suke nuna halinsu. Naɗin waya yakan tara ƙarfi a cikin maganaɗisun da ya kewaye shi, idan aka yanke masa wuta kwatsam sai ya mayar da martani da bolt masu yawa, fiye da na batir ɗin sau da dama. Da wannan dabara ce koyil ɗin mota ke samar da tartsatsin da ke tashi a bakin fulogi. A cikin inji alheri ne, a cikin makunni kuwa ɓarna. Maganinsa ɗan dayod ne mai lamba 1N4007, a jona shi a ƙafafun moton a juye, wato ɓangarensa mai zobe yana fuskantar wayar tarawa, don ya shanye martanin.

Shawarar da ta fi kwanciyar hankali ga makunnin da bai faɗi iyakarsa ta wutar batir ba ita ce, kada a wuce amfiya ɗaya zuwa biyu a bolt 12. Abin da ya fi haka, a bar ɗan makunnin ya kunna rile irin ta mota, ita rilen ta ɗauki nauyin. Kuma ko yaya aikin yake, a sa fiyus a kan wayar tarawa dab da batir, domin makunni ba ya kare na'ura daga haɗuwar waya.

Wutar da ta yi kaɗan

Abin mamaki, ƙarancin wuta ma yana da tasa illar. Azurfa takan dushe idan ta daɗe a iska, musamman inda akwai hayaƙi mai ɗauke da farar wuta, kamar yadda zoben azurfa ke yin baƙi a ajiye. Wannan dushewa wata siririyar fata ce da ba ta barin wuta ta wuce da kyau. Idan wutar mai ɗan ƙarfi ce, tartsatsin da ke tashi yakan ƙone fatar, ya share bakin. Amma idan makunnin saƙo kawai yake kai wa tiransisto ko allon Arduino, inda wutar ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu na amfiya ba, babu abin da zai share ta. Sai na'ura ta riƙa yi yau, gobe ta ƙi, ɗalibi ya yi ta zargin lissafinsa. Saboda irin wannan aiki ne ake yin makunnai masu shafen zinariya, domin ita ba ta dushewa. Su kuma ba su jure wuta mai yawa: wanda C&K ke yi iyakarsa bolt 20 da 'yar wuta ƙalilan, tartsatsi ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cinye shafen.

Yanayin Zariya yana ƙara wa abin gishiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu, mai laushi kamar garin alkama, takan shiga ta inda hannun ya ratsa wuya, ta haɗu da ɗan maiƙon da masana'anta ta shafa a ciki, su zama laka. Damina ta zo da laima, tsatsa ta kama ƙafafu. Na'urar da aka ajiye a kabad tun hutun ƙarshen shekara, kafin a gwada ta a ƙyasta makunnin sau ashirin ko talatin, domin gogayyar takan kankare bakin. Wadda za ta zauna a tsakar gida ko a kejin kaji kuma, akwai 'yar hular roba da ake ɗaurawa a kan zaren wuyan, ta rufe hannun ruf. Man inji ko man gyaɗa da wasu ke ɗigawa a ciki ƙura kawai yake tarawa.

Mai aiki da Arduino zai gamu da wani abu kuma. Faifan ƙarfen idan ya bugi ƙafa yakan yi 'yan tsalle-tsalle na wasu kaso bisa dubu na sakan kafin ya zauna. Ido ba ya gani a fitila, amma kwamfuta tana iya ƙirga kunnawa ɗaya a matsayin biyar. Ana umartar ta ta jira kamar kaso 20 zuwa 50 bisa dubu na sakan kafin ta sake karantawa.

Ƙafa uku, ƙafa shida

Lambar da ke jikin makunni tana faɗin irinsa. MTS-101 ƙafa biyu gare shi, kunnawa da kashewa kawai. MTS-102 ƙafa uku, ta tsakiya ce uwa, tana haɗuwa da ta sama ko ta ƙasa. MTS-103 kamarsa yake, sai dai hannunsa yana iya tsayawa a tsakiya inda ba ya haɗa komai. Masu lamba 202 da 203 kuwa ƙafa shida gare su, wato makunni biyu ne a jiki ɗaya, hannu ɗaya na sarrafa su tare. Saboda faifan ciki kamar sikeli yake, a yawancinsu idan hannu ya kalli sama, ƙafar tsakiya da ta ƙasa ce take haɗe. A lura da wannan kafin a ɗaura, domin a Nijeriya an gaji al'adar Ingila ta tura makunni ƙasa don kunnawa, saɓanin Amurka, kuma hannun mutum a cikin duhu abin da ya saba yake yi.

Da masu ƙafa uku guda biyu ana iya warware wata tsohuwar matsala ta gidajen cikin birni, inda daga zaure zuwa cikin gida akwai tafiya a cikin duhu. A sa makunni ɗaya a bakin zaure, ɗaya a ƙofar cikin gida. Wayar tarawa ta batir ta shiga ƙafar tsakiya ta na farko. Ƙafafunsa biyu na gefe a haɗa su da ƙafafun gefe na na biyu da wayoyi biyu. Ƙafar tsakiya ta na biyu ta tafi fitila, fitila ta koma kan batir na ɗebewa. Mai shigowa ya kunna a zaure, ya kashe a ciki, mai fita ya yi akasin haka, kuma ko wanne aka taɓa fitilar za ta sauya hali.

Mai ƙafa shida shi ke juya moto gaba da baya, abin da mai akwatin ƙwai ke bukata don karkata farantin ƙwai sau da yawa a yini har zuwa kwana na 18. Moto a ƙafafun tsakiya, batir a ƙafafu biyu na sama, sannan a ja wayoyi biyu daga na sama zuwa na ƙasa a gicciye. An fi son mai lamba 203, don moton ya tsaya cak a tsakiya kafin a juya shi. A wannan haɗin ba a sa dayod ɗin da aka ambata, domin idan wutar ta juya shi kansa zai zama gajeriyar hanya ya ƙone. Ƙaramin kafasito ake sawa a madadinsa.

Malamin lissafi ma yana da rabo. Makunnai huɗu a jere, kowanne da ƙwan LED, a ba su darajar 8, 4, 2 da 1, sun isa a rubuta kowace lamba daga 0 zuwa 15. Biyu a kan layi ɗaya, fitila ba ta kamawa sai an kunna wannan da wancan. Biyu kafaɗa da kafaɗa, tana kamawa idan an kunna wannan ko wancan. Claude Shannon ya nuna a kundin digirinsa na biyu a 1937 cewa da irin waɗannan haɗe-haɗe ana iya yin lissafin hankali kowane iri, kuma kwamfutar Altair 8800 da ta fito a 1975 ba ta zo da allon rubutu ba, da jerin 'yan makunnai masu hannu ake shigar mata da umarni.

Dalma da mita

Makunnai da yawa tun ranar da aka haɗa su suke mutuwa. Ƙafafunsu a cikin roba aka dasa su, dalma tana narkewa a wajen digiri 185, bakin ƙarfen liƙi kuwa yakan wuce 300. Idan aka daɗe ana dannawa, robar takan yi laushi, ƙafar ta karkace, faifan ciki ya daina zama daidai. Abin ya fi muni ga wanda ke gasa ƙarfensa a garwashi saboda rashin wuta, don ba shi da iko da zafin. A kankare ƙafar ta yi haske, a fara shafa wa bakin wayar dalma ita kaɗai, a lanƙwasa ta a cikin hudar ƙafar, sannan a taɓa na sakan uku a ɗaga. A bar ta ta huce kafin a koma ta kusa da ita. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, domin dalma guba ce ga ƙwaƙwalwa, ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010.

Wajen ɗaurawa, huda mai faɗin milimita 6 ake yi. Noti ɗaya a ciki, ɗaya a waje, kuma notin ake murɗawa, ba jikin makunnin ba.

Gwaji na gaskiya da mita ake yin sa, kuma gara a yi shi tun a shago. A sa ta a ma'aunin om mafi ƙanƙanta, a fara haɗa bakunanta biyu a ga abin da take nunawa, sannan a ɗora su a ƙafafun makunni. Lafiyayye ba zai ƙara komai a kan lambar farko ba, ko da an ɗan girgiza hannun. Muhimmancin wannan yana cikin lissafi: zafin da ke taruwa daidai yake da amfiya sau amfiya sau om. Baki mai tsabta da ke da om 0.02, idan amfiya 3 na wucewa, wat 0.18 kawai yake ɓatarwa. Wanda ya ƙone har ya kai om 0.5, wat 4.5 zai tara a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, a tsakiyar roba, sau da yawa a cikin akwatin kwali ko katako. Makunnin na'urar batir da aka taɓa aka ji ɗumi, lokacin sauya shi ya yi.

Game da wutar gida kuwa, rubutun 250VAC ba izini ba ne ga ɗalibi. Ƙafafun makunnin tsirara suke, hannunsa da wuyansa ƙarfe ne, kuma tsakaninsu da wuta 'yar roba ce. Jikin mutum mai gumi yana iya sauka zuwa kimanin om 1,000, wanda a bolt 230 ke nufin kaso 230 bisa dubu na amfiya za su ratsa shi. Abin da ya haura kaso 30 kawai, idan ya bi ta ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Aikin makaranta ya tsaya a kan batir.

Makunnin da ya mutu kuma kada a jefar da shi kafin a yi masa binciken gawa, kamar yadda ake feɗe kwaɗo a ɗakin gwaji. A buɗe shi, a duba faifan da tabaron ƙara girma. Baƙin tabo mai rami a gefe ɗaya da ɗan tudu a ɗaya gefen, aikin tartsatsin wutar batir ne, wadda ke kwasar ƙarfe daga wannan baki ta tara a wancan. Bakunan da suka manne, fizgar farko ce ta ƙwai mai zare ko moto. Fuska mai santsi amma ta yi ruwan ƙasa, dushewar azurfa ce. Ƙafar da ta karkace da roba mai ƙyalli a gindinta kuwa, ƙarfen liƙi ne ya daɗe a kanta.